Darasi na Bakwai: Yadda Ake Tace Bincike Kafin Ya Shiga Mujallar Kimiyya

Da wuya mako ya wuce ba mu ji a rediyo ko mun gani a waya an ce wani sabon bincike ya gano kaza ba. Yau a ce ganyen kaza yana sauko da hawan jini, jibi a ce wasu masana sun musanta. Mai sauraro sai ya rasa bakin zaren. A irin wannan hali, tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: a ina aka buga binciken, kuma su wa suka duba shi kafin a buga? A wannan darasi za mu bi takardar bincike tun daga hannun mai ita har ta fito a mujalla, mu ga hannuwan da take ratsawa, da abin da masu dubawa suke iya kamawa, da wanda yake kuɓuce musu.

Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san darasu. Gardi ya rubuta allonsa ya kawo gaban alarammomi, ana karantawa suna bi, wasali ɗaya ya kauce sai a tare shi nan take. Ba ya fushi, don abin da ya kawo shi ke nan. Masana kimiyya ma suna da nasu darasun. Kafin mujalla ta buga maƙalar wani, takan miƙa ta ga wasu masana da suke fage ɗaya da shi su duba. Wannan shi za mu riƙa kira bitar takwarori, masu yin ta kuma masu bita. Sai dai akwai bambancin da nake so ku riƙe tun yanzu. Alaramma yana da amsar a kansa, abin da yake gyarawa tabbatacce ne, ba ya canzawa. Shi kuwa mai bitar kimiyya, abin da aka kawo masa sabo ne fil, shi kansa bai san ko haka ne ko ba haka ba ne. Bai je ɗakin gwajin ba, bai ga gonar ba, bai ga majinyatan ba. Takarda kawai aka miƙa masa. Iyakar abin da zai iya faɗa shi ne ko hanyar da aka bi ta yi, da ko hukuncin da aka yanke ya tsaya inda hujja ta tsaya.

Tafiyar maƙala

Bari mu ƙirƙiro misali. A ce wata malama a sashen aikin gona na wata jami'a ta so ta san ko garin ganyen darbejiya yana hana ƙwari cin wake a ajiya. Ta cika buhu shida, ta zuba garin a uku, ta bar uku haka nan. Bayan wata huɗu ta kwance, ta ɗebi mudu ɗaya daga kowanne, ta ƙirga ƙwayoyin da suka huje. Sai ta rubuta abin da ta yi bisa tsarin da aka saba: dalilin binciken, hanyar da ta bi, sakamakon da ta samu, sannan fassarar da ta yi masa. Ta zaɓi mujalla ɗaya ta tura ta intanet. Ɗaya tak, domin ƙa'ida ce ba a kai maƙala guda mujallu biyu a lokaci ɗaya. Wajen turawar za a nemi ta faɗi wanda ya ba da kuɗin binciken, da ko tana da wata riba a ciki, misali a ce tana da hannun jari a kamfanin da ke sayar da garin. Da a jikin mutane aka yi gwajin, sai ta nuna izinin kwamitin ɗa'a da shaidar yardar waɗanda aka gwada.

Edita ne zai fara gani. Mujallu da yawa suna fara sa manhaja ta gwama rubutun da ɗimbin maƙalun da aka riga aka buga, ko an kwafo na wani. Sannan edita ya karanta ya ga ko batun ya shafi mujallarsa, ko akwai sabon abu a ciki, ko rubutun yana karantuwa. A nan da yawa suke faɗuwa. Manyan mujallu irin su Nature da Science da The Lancet ba sa buga ko kashi 10 cikin 100 na abin da ake aiko musu, kuma mafi yawan waɗanda suke mayarwa ba su ma kai hannun masu bita ba. Mayarwa a wannan mataki ba shaida ba ce ta cewa aikin banza ne. A 1937 Nature ta mayar wa Hans Krebs takardarsa a kan yadda ƙwayoyin jiki suke sarrafa abinci ya zama kuzari, da hujjar cewa takardun da ke jiran bugu sun yi mata yawa. Ya kai ta wata mujalla mai suna Enzymologia aka buga. A 1953 aka ba shi kyautar Nobel saboda wannan aikin.

In maƙalar malamarmu ta tsallake teburin edita, sai a shiga neman masu bita, galibi biyu ko uku. Wannan shi ne aikin da ya fi wahalar da editoci, don sau da yawa sai sun roƙi mutane da dama kafin biyu su amsa. Dalili kuwa a fili yake: a mafi yawan mujallu ba a biyan mai bita ko sisi. Aikin gayya ne, yau ka nome wa wani, gobe a nome maka. Edita yana kaffa-kaffa wajen zaɓe. Ba zai ba abokin aikinta ba, ko ɗalibinta, ko wanda suka yi rubutu tare kwanan nan, ko wanda aka san suna 'yar tsama. Wanda ya karɓa kuma amana ya ɗauka. Ba zai nuna wa kowa ba, ba kuma zai ɗebi dabarar ya riga mai ita kai ta kasuwa ba.

To me mai bita zai rubuta? Ga irin abin da malamarmu za ta iya gani. Buhu uku-uku sun yi kaɗan, ta yiwu sa'a ce kawai ta sa ƙwari suka fi shiga waɗancan. A ina aka jera buhunan? In na darbejiyar suna kan katako a tsakiyar ɗaki, sauran kuma suna jingine da bango inda laima take, to ba a san wanne ya yi aikin ba, garin ko katakon. An auna ɗanshin waken kafin a ɗaure? Wa ya yi ƙirgar, kuma ya san buhun da aka zuba wa garin? In ya sani, idonsa zai iya yi wa abin da yake fata alfarma ba tare da ya yi niyya ba. Nawa aka zuba a kowane buhu, busasshen inuwa ne ko na rana? In ba a faɗa ba, wani ba zai iya maimaita gwajin ba. Sannan a ƙarshen maƙalar an ce darbejiya tana kare hatsi, alhali wake kaɗai aka gwada, iri ɗaya, a ɗaki ɗaya, da hunturu. A rage wannan magana ta dawo daidai da abin da aka gani.

Ku lura, a duk tambayoyin nan babu inda ya ce ƙarya take yi. Bita tana tafiya ne bisa kyautata zato, ana ɗauka abin da mai bincike ya ce ya yi, ya yi ɗin. Za mu ga illar wannan nan gaba.

Rahoton mai bita kashi biyu ne: wanda za a nuna wa marubuciya, da ɗan bayanin sirri ga edita. Zai kuma ba da shawara, amma hukunci na edita ne, musamman da yake sau da yawa masu bitar biyu sukan saɓa, wannan ya yaba, wancan ya kushe. In saɓanin ya yi tsanani sai a nemo na uku. Karɓar maƙala yadda take ba gyara ko ɗaya abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Abin da aka fi gani shi ne a ce a yi ƙananan gyare-gyare, ko a yi manya, wani lokaci har da sake gwaji, ko kuma a ce ba za a buga ba. Sabon shiga in ya ga an jero masa aibobi ashirin sai gwiwarsa ta yi sanyi, shi kuwa tsohon hannu murna yake yi, don ya san gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Malamarmu za ta zauna ta amsa kowace magana ɗaya bayan ɗaya a wata wasiƙa: nan na gyara, ga shafin, nan na ƙara buhu na sake gwadawa, nan kuwa ban yarda ba, ga hujjata. Tana da 'yancin ƙin yarda in tana da hujja. Maƙalar za ta iya komawa wurin masu bita sau biyu ko uku. Daga turawa zuwa bugawa watanni ne, wani lokaci a haura shekara.

Batun suna kuma, kowace mujalla da nata tsarin. Wanda ya fi yaɗuwa a fannonin kimiyya shi ne mai bita ya san marubuci, marubuci bai san mai bita ba, don ƙaramin malami ya iya gaya wa babban farfesa gaskiya ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba. Wasu suna ɓoye sunan kowa ga kowa, ko da yake a ƙaramin fage mutane sukan gane juna daga salon rubutu da ayyukan da aka ambata. Wasu kuma sun buɗe komai. Mujallar likitoci ta BMJ a Birtaniya ta fara sa masu bita su sa sunansu tun 1999.

Ranar da Einstein ya yi fushi

Mutane da yawa suna zaton tun da aka fara kimiyya ake yin wannan bita. Ba haka ba ne. Mujallar Philosophical Transactions, wadda Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana ta Royal Society, ya fara fitarwa a Landan a 1665, shi da kansa yake zaɓar abin da zai shiga, in ya ga dama ya nemi shawarar wani. Sai a 1752 ƙungiyar ta kafa kwamitin zaɓen maƙaloli, a 1832 kuma ta fara neman rubutaccen rahoto daga masana. Ko bayan nan, mujallu da yawa sun ci gaba da dogaro da idon edita kaɗai.

Albert Einstein ya tashi a irin wannan tsari. Shahararrun maƙalolinsa na 1905 editocin mujallar Annalen der Physik ta Jamus ne suka karɓa da kansu. Bayan ya koma Amurka, a 1936 shi da abokin aikinsa Nathan Rosen suka aika wa Physical Review wata maƙala. A ciki sun yanke cewa igiyoyin ƙarfin janyowa, wato wata irin girgiza da ke ratsa sararin samaniya wadda shi Einstein ɗin ya yi hasashenta shekaru ashirin kafin nan, ashe babu su. Editan, John Tate, ya miƙa wa wani masani ya duba. Rahoto ya dawo mai shafi goma yana nuna akwai kuskure a lissafin. Einstein ya fusata. Ya rubuta wa Tate cewa shi bugawa ya aiko a yi, bai ba da izinin a nuna wa kowa ba, kuma bai ga dalilin amsa wa wani marar suna ba. Ya janye maƙalarsa ya kai wata mujalla, ta Cibiyar Franklin.

Mai bitar, wanda sai bayan shekaru masu yawa aka tabbatar Howard Robertson ne, bai yi zuciya ba. Ya bi ta hannun Leopold Infeld, mataimakin Einstein, cikin hira ya nuna masa inda lissafin ya karkace, bai kuma faɗa masa shi ne mai rahoton ba. Kafin maƙalar ta fito a 1937, Einstein ya gyara ta, hukuncin ya juye. A 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama waɗannan igiyoyi a zahiri. Da Einstein ya karanta shafuka goman nan da sanyin rai, da ya hutar da kansa wahalar watanni.

Hatta maƙalar James Watson da Francis Crick ta 1953 a kan fasalin DNA, Nature ta buga ta ba tare da ta aika wa mai bita na waje ba. Sai a 1973 mujallar ta wajabta bita ga kowace maƙalar bincike, The Lancet kuma a 1976. Abin da ya tilasta haka shi ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatoci sun zuba kuɗi mai yawa a bincike, maƙaloli suka yi yawa, fannoni suka rarrabu har ya zama babu editan da zai iya fahimtar duk abin da ke zuwa teburinsa.

Inda rariyar take yoyo

Masana sun gwada bitar kanta, kamar yadda suke gwada magani. A 1998 Fiona Godlee ta BMJ da abokan aikinta suka ɗauki wata maƙala, suka dasa mata kurakurai takwas da gangan, suka aika wa masu bita 420. Mutum 221 suka amsa, kuma in aka yi matsakaici, kowa kuskure biyu ya kama cikin takwas. Tun kafin nan, a 1982, Douglas Peters da Stephen Ceci sun ɗauki maƙaloli goma sha biyu na ilimin halayyar ɗan Adam da malaman manyan jami'o'in Amurka suka rubuta, suka cire sunayen, suka sa na ƙirƙira da cibiyoyin da babu su, suka mayar wa mujallun da suka buga su tun farko. Uku kaɗai aka gane. Cikin taran da suka rage, takwas aka ƙi, galibi da hujjar cewa hanyar binciken ba ta yi ba. Maƙala goma sha biyu ba yawa ba ce, mai bita nagari ma abin da zai fara faɗa ke nan. Amma wanda yake rubutu daga jami'ar da ba a san sunanta a Turai ba, wannan labari ba zai ba shi mamaki ba.

Wannan rauni ne na ganganci da son rai. Wanda ya fi shi muni shi ne na kyautata zaton da muka ambata. A watan Fabrairun 1998 The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da abokan aikinsa a kan yara goma sha biyu, wadda ta jefa zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da ƙyandar Jamus tana da alaƙa da lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro. Iyaye suka tsorata. A Ingila yawan yaran da ake yi wa allurar ya sauko daga sama da kashi 90 cikin 100 zuwa wajen kashi 80, ƙyanda ta sake samun gindin zama. Manyan bincike a kan dubban ɗaruruwan yara ba su ga wata alaƙa ba. Wanda ya tono asirin ɗan jarida ne, Brian Deer, wanda ya gano a 2004 cewa Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai masu yin allurar kotu, bai kuwa faɗa wa mujallar ba. Daga baya aka nuna bayanan yaran da ke cikin maƙalar ba su dace da na asibiti ba. Sai a Fabrairun 2010 mujallar ta janye maƙalar gaba ɗaya, a watan Mayu aka soke lasisinsa na aikin likita. Shekara goma sha biyu ke nan.

Na lokacin korona ya fi wannan saurin fallasa. Ranar 22 ga Mayun 2020 The Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya tattara bayanan majinyata sama da 96,000 daga asibitoci 671, ya kuma ce kulorakwin da ɗan'uwansa haidiroksikulorakwin suna ƙara haɗarin mutuwa ga masu korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin da take yi na maganin. Cikin 'yan kwanaki masu karatu suka fara ƙirga. Adadin mamatan da aka ce an samu a asibitocin Ostareliya ya zarce na ƙasar baki ɗaya a lokacin, alƙaluman Afirka ma aka ga ba su kama hankali ba. Da aka nemi kamfanin Surgisphere, mai bayanan, ya buɗe su a bincika, ya ƙi. Ranar 4 ga Yuni aka janye maƙalar. Kada wani ya ɗauka janyewar tana nufin maganin yana aiki. Wani babban gwaji a Birtaniya mai suna RECOVERY ya nuna a watan nan na Yuni cewa haidiroksikulorakwin bai amfani masu korona da aka kwantar a asibiti ba. Abin lura a duka labaran biyu shi ne, waɗanda suka kama matsalar masu karatu ne bayan bugu, dubban idanu maimakon huɗu ko shida.

Mujallun damfara

Akwai kuma inda ba a yin bitar sam, sai dai a ce an yi. Da intanet ya zo, mujallu da yawa suka koma karɓar kuɗi daga marubuci don mai karatu ya samu kyauta. Wannan tsari halal ne, mujallu masu mutunci irin su PLOS ONE a kansa suke. Amma ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa, tunda kowace maƙala aka karɓa kuɗi ne ya shigo. A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya, John Bohannon, ya haɗa maƙalar bogi a kan wani sinadari da wai yake kashe ƙwayoyin sankara, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin fannin zai gani, ya aika wa mujallu 304. Mujallu 157 suka karɓa, 98 suka ƙi, PLOS ONE tana cikin waɗanda suka ƙi. Sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira ya yi su ne da kamannin na Afirka, abin da ni dai bai yi mini daɗi ba.

Wasu marubutan su suke yi wa mujallar wayo. Mujallu da dama suna barin marubuci ya ba da sunayen waɗanda yake ganin za su iya bitar aikinsa. A 2012 aka kama wani mai bincike ɗan Koriya ta Kudu yana ba da adireshin imel da shi yake riƙe da su, yana yi wa kansa bita. Abin da ya tona shi, rahotannin suna dawowa cikin kwana ɗaya, kuma duk yabo. A 2017 kamfanin Springer ya janye maƙaloli 107 daga mujallar Tumor Biology saboda irin wannan maguɗi. A 2023 an janye maƙaloli sama da 10,000 a duniya, fiye da 8,000 daga mujallun kamfanin Hindawi.

Batun mujallun damfara ya shafe mu kai tsaye. A jami'o'in Nijeriya ƙarin girman malami ya rataya a kan maƙalolin da ya buga, kuma kafin a ba shi farfesa sai an aika ayyukansa ga masana na wasu jami'o'i sun auna. Malamin da lokacin ƙarin girmansa ya matso, ga saƙon imel yana yi masa kirari yana alƙawarin bugawa cikin mako ɗaya, jarrabawa ce ba ƙarama ba. Wanda ya fahimci tafiyar da muka bi a sama ya san bita ta gaskiya da wuya ta kammala a kwana bakwai. Mai neman mujallun Afirka yana iya fara dubawa a rumbun AJOL, wanda tun 1998 yake tattara ɗaruruwansu, da yawa daga ciki na Nijeriya. Rumbun DOAJ kuma yana tantance mujallun da ake karantawa kyauta kafin ya sa su a jerinsa.

Saboda jinkirin bita, kuma an san a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, masana sun buɗe wata hanya. Tun 1991 masu ilimin fiziya suke saka daftarinsu a rumbun arXiv, wanda Paul Ginsparg ya kafa, kowa ya gani kafin mujalla ta duba. Na fannin halittu, bioRxiv, ya zo a 2013, na likitanci, medRxiv, a 2019. Amfaninsu sauri, haɗarinsu kuma ɗan jarida ya ɗauki daftarin da ko mutum ɗaya bai tace ba ya ce masana sun tabbatar. A lokacin korona an sha yin haka.

A ganina, duk da wannan yoyo, maƙalar da ta ratsa hannun masu bita na gaskiya ta fi wadda ba ta ratsa ba. Malamarmu ta wake za ta fito da aiki mafi inganci bayan an sa ta ƙara buhu, ta kuma rage iƙirari. Amma matsayin maƙalar tata bayan bugu shi ne na magana da masana biyu ko uku suka ce ta cancanci a saurara. Sai wasu sun maimaita gwajin a wani gari, da wani irin wake, a wata daminar, sun sami abin da ta samu, sannan malamin gona zai iya gaya wa manomi ya dogara da shi.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowa ya nemo labari ɗaya daga rediyo ko jarida ko waya da aka ce bincike ya gano wani abu. Ku rubuto ko an faɗi sunan mujallar da ta buga shi, ko an faɗi yawan mutane ko dabbobi ko gonakin da aka yi gwajin da su, da ko an faɗi wanda ya biya kuɗin binciken. Sannan ku zama masu bita: ku rubuta tambaya uku da za ku yi wa mai binciken da a ce teburinku aka kawo maƙalar. Wanda bai sami sunan mujalla a labarinsa ba, ya kawo shi haka nan, da shi za mu fara.